Gabana na faɗuwa, ya zan faɗa da Jamusanci?

Tambaya: Salam Anti. Ina shirin zana jarabawar A1 (matakin farko na Jamusanci) ta cibiyar Goethe a Legas saboda bizar zuwa wajen maigidana a Hamburg. Rubutu ba ni da matsala amma da an ce in yi magana sai jikina ya hau rawa bakina ya bushe. Dan Allah ya zan gaya wa mai jarabawar halin da nake ciki ba tare da na yi kwaɓa ba? Daga wata 'yar'uwa a Kaduna.

Amsa: Wa alaikumus salam ƙanwata. Wadda za ki riƙe da kyau ita ce "Ich bin ein bisschen nervös", wato gabana na ɗan faɗuwa, kowa zai gane ki kuma ba abin kunya bane, su ma Jamusawan haka suke cewa. Wajen ö ɗin ki zagaye leɓe kamar za ki ce o sai ki fito da e.

Amma dan Allah ki kula, kar bakinki ya suɓuce ki ce "Ich bin genervt", sun yi kama amma wannan ma'anarta kun ishe ni, kin ga ai an yi ɓatacciya da mai ba ki maki. Akwai kuma "Ich bin aufgeregt" wadda ni na fi so don tana haɗa fargaba da ɗoki, irin na amarya ranar kai ta ɗakinta, sai dai ki faɗe ta daidai, in kika kuskure kika ce "erregt" to maganar ta iya karkata wajen sha'awa, Allah ya kiyaye.

Tsoro sosai kuma shi ne Angst, ana cewa "Ich habe Angst" da habe ba bin ba. Ta yi nauyi wa jarabawa a ganina, sai dai in ki ce "Ich habe Prüfungsangst", wato ina da tsoron jarabawa.

Sashen maganar fa kusan minti 15 ne kuma tare da wasu za ki shiga, ana farawa da gabatar da kai, suna, shekaru, ƙasa, inda kike zaune, sana'a. Ki riƙa maimaita wannan da ƙarfi kina girki har bakinki ya saba. In tambaya ta shige ki kar ki yi shiru, ki ce "Können Sie das bitte wiederholen?" za a maimaita miki. Allah ya ba da sa'a.