Amsa: me ya haɗa gwajin HbA1c da dashen haƙori?

Yaya, tambayarka ita ce me ya sa likitan haƙori a Jidda ya ƙi yi wa Hajiya dashen haƙori sai ya ga sakamakon HbA1c (wani gwajin sukari a jini), alhali sukarinta na safiya 110 ne.

Likitan na da gaskiya. Gwajin ɗan yatsa, irin wanda ya ba da 110 ɗin, sukarin wannan lokacin kawai yake nunawa. Shi kuwa HbA1c matsakaicin sukari na wata biyu zuwa uku yake nunawa, domin sukarin da ya manne wa ƙwayar jan jini yake aunawa, ita kuma tana rayuwa kusan kwana 120. In sukari ya daɗe a sama, dasashi yakan kumbura, rauni ya ƙi warkewa da wuri, ƙashin muƙamuƙi kuma ya kasa riƙe ƙarfen da ake dasawa don ɗora haƙorin. Galibi ana son ganin HbA1c ƙasa da kashi 7 cikin ɗari.

Ba sai ta je da azumi ba. Jini kamar mililita 2 za a ɗiba a kwalba mai murfi shunayya.

Amma fa a faɗa wa ma'aikacin ɗakin gwajin in tana da sikila ko an ƙara mata jini kwanan nan, don sakamakon kan fito ƙasa da gaskiya. Ƙarancin sinadarin ƙarfe kuma ɗaga shi yake yi. In haka ne, a nemi gwajin furuktosamin, mai duba mako biyu zuwa uku.

Allah ya ba Hajiya lafiya.