Ga ɗan'uwan da yatsunsa suka hana shi sakat

Ɗan'uwa, da na karanta tambayarka sai da na ajiye waya na yi shiru. Ka ce wata uku kenan da sayen jitarka, yatsu na yi maka zugi, sauya hannu daga kod G zuwa kod C (kod shi ne tsarin danna tsirkiyu da yatsu) ya gagara, kana tambaya ko ka haƙura ne tunda kaɗawa da yatsu ɗai-ɗai ma ba ka ga ranarta ba. Wallahi labarina ka rubuta.

Tun kafin ka ƙarasa karatun nan, ɗauko ta ka duba tazarar da ke tsakanin tsirkiya mai kauri da ƙarfe na 12 cikin ƙarafan da ke jere a wuyanta, in ka ƙirgo daga kan jitar. In ta haura milimita 3, ba hannunka ne da laifi ba. Ni wata bakwai na yi ban san haka ba.

Tawa ta farko ta hannu ce, da kuɗin da na tara ina tsaron shagon yayana a Kantin Kwari. Wuyanta a lanƙwashe yake, kuma wanda ya sayar min ya sani, don shi ma makaɗi ne. Sau uku ina komawa ina ce masa Malam, abin nan ba ya danniwa. A na ukun, gaban yaransa, ya kama hannuna ya jujjuya shi ya ce, "Wannan hannun lissafin atamfa ne, kiɗa ba kowa Allah ya ba ba." Suka kwashe da dariya. Ko jitar bai karɓa ya duba ba. Na cusa ta a buhu na hau adaidaita, domin a unguwarmu in aka gan ka da ita sai a tambaye ka ko roƙo za ka koma. Daren nan na zauna na danna, na danna da zuciya, har ɗan yatsana na tsakiya ya tsage, jini ya ɓata tsirkiya. Na yi kuka, ba zan ɓoye maka ba. Ba kuɗin ne ya ƙona min rai ba. Yarda da na yi da maganarsa ne. Wata biyu tana ƙarƙashin gado ina ganin kaina a matsayin wanda ba shi da rabo, shi kuwa yana can yana barcinsa. Har gobe in na tuna yadda ya riƙe min hannu sai na ji ƙirjina ya yi nauyi.

Wani bawan Allah da ke kaɗa wa coci a Sabon Gari ne ya cece ni. Ya ɗaga ta ya hango wuyan da ido ɗaya, ya ce ko shi ba zai iya da wannan ba. Ya miƙo min tasa. Na ɗora yatsu biyu a kan Em, sauti ya fito tar.

G da C ɗin nan, ka bar su tukuna, duk yatsu ne ke tashi lokaci guda shi ya sa suke kayar da kai. Kama Am da C. Yatsan zobe kaɗai ke motsi, daga tsirkiya ta 3 ya haura ta 5 (daga mafi siranta ake fara ƙirga), sauran biyun na zaune a inda suke. F kuwa kada ka ma kalle shi bana. Minti 15 kullum ya fi maka awa uku ran Lahadi, cikin 'yan makonni kan yatsun zai yi kanta. Kuma kada ka taɓa ta da ka gama wanka ko alwala sai fata ta bushe, laushin nan ne ke tsaga ta. Yanke farcen hagu ƙwal. In kaurin tsirkiyarka lamba 12 ne, a sa maka 10, ta fi siranta.

Maganar waƙa, ni ban samu kaina ba sai da na daina bin waƙoƙin da ban san su ba a YouTube. Waƙar gaɗa da ka ji yayyenka mata na yi a dandali, waƙar biki, duk wadda ke bakinka tun kana yaro, rera ta a kan Am da C ko Em kaɗai, ka nemi inda ta zauna. Da yawansu a kan sauti biyar suke yawo, kamar A, C, D, E, G. Saurari makaɗan jitar Agadas ka ji yadda suke daɗewa a kod ɗaya ba ka gaji ba. Mai kuntigi tsirkiya ɗaya gare shi yana tara jama'a, kai shida ne da kai.

Kaɗawa da yatsu kuma ba sai ka ƙware ba, fara yau. Babban yatsa ya riƙe tsirkiyu uku masu kauri, manuniya ta 3, na tsakiya ta 2, na zobe ta 1. Danna Am ka bi 5, 3, 2, 1, 2, 3, sannu sannu, kamar mai jan carbi. Ni ta nan ma na fi samun sauƙi, don ba ta da ƙara, ina yi cikin dare ba wanda ya sani a gida.

Af, hunturu na tafe. Bushewarsa na tsaga katako, ta biyu da na saya haka fuskarta ta dare a watan Janairu. Ajiye ta cikin jaka da ɗan soso mai danshi a robar da ka huhhuda, kada ruwa ya taɓa itacen, kuma ka raba ta da rana.

Mutumin nan da ya sayar min da jitar farko na gan shi bara a wajen Ƙofar Nassarawa, bai ma gane ni ba. Na so in tsaya, ban tsaya ba.

Ɗauki hoton wuyan jitarka ta gefe, daidai ƙarfe na 12, ka turo nan mu gani. In ta gyaruwa ce zan kai ka wurin mai gyara da kaina ran Asabar.