Wata takwas da littafi a hannu

Ɗana, jiya muna naɗe wayoyin ɗaukar fim a unguwar Aboabo ta Kumasi ka ce min, "Maigida, wata takwas ke nan ina riƙe da littafi da biro, yaushe zan ce akshin da bakina?" Gajiya ce ta sa na yi maka shiru.

Ka tuna fitowar mai koko? Da hantsi muka ɗauki dattijon nan, kofinsa cike, hula ta karkata hagu. Aka ɗauke wuta, da ta dawo kuma aboboya, babur ɗin nan mai ƙafa uku na dakon kaya, ta yi ta wucewa tana cika wa mai ɗaukar sauti kunne. Amsar matar mai kokon ba mu ɗauke ta ba sai bayan la'asar. A fim kuwa tsakanin maganarsa da tata ko numfashi babu. Kai ka duba littafi ka ce a ƙara koko a kofin, a gyara hular, kuma inuwar bango ta juya, sai an tare rana da kyalle. To, ran nan ka yi rabin aikina ba ka sani ba. Darakta yana tsaye a lokeshan ne, amma idonsa na kan teburin edita, yana ganin yadda wannan guntu zai haɗu da wancan.

Ni ban sami mai riƙe ni haka ba. Fim ɗina na farko a nan Kumasi, na ɗauki miji daga wannan gefe, na zagaya da kamara na ɗauki matar daga wancan. Da aka haɗa, su biyun gefe ɗaya suke kallo, kamar da wani na uku suke rigima. Furodusa ya ce ko sidi ɗaya ba zai ƙara a kuɗin ba. Da kuɗin hayar ɗakina na sake tara 'yan wasa.

In makaranta kake so, akwai makarantar fim da talabijin a Akra, wadda aka kafa a 1978 da sunan NAFTI, kuma ba zan hana ka ba. Za su koya maka haske da rubutun labari fiye da ni. Gaggawar ce ba na so. Kwaw Ansah, babban daraktan fim na Ghana, an haife shi a 1941, ya yi shekaru a harkar talla, babbar kyautar FESPACO, bikin fina-finan Afirka na Wagadugu, kuma sai a 1989 ta zo hannunsa, kafin daga baya ya kafa TV Africa. Talabijin ɗin ma da kake hange ya fi fim rashin haƙuri: mintinka a ƙidaye suke, talla na jira, mako mai zuwa ana son wani kashi.

Ran Asabar akwai ƙaramar fitowa a Asawase, yaro zai miƙa wa kakarsa wasiƙa. Taka ce. Ka zo min da takarda ran Juma'a bayan masallaci: sau nawa za ka kafa kamara, a ina, kuma me ya sa. In ka wuce huɗu sai ka gamsar da ni.