Takardar kuɗin da aka zana da igiyar rataya

Tambaya: Malam, na ji cewa a zamanin sarakuna George na Ingila masu zanen barkwanci sun sha caccakar shari'a da hukuncin kisa. Shin zanen nasu ya canza wani abu, ko dariya kawai aka yi aka watse?

Amsa: Ya yi tasiri, amma sai ka san irin shari'ar lokacin kafin ka gane yadda ya yi. Zamanin ya faro daga 1714 zuwa 1830, kuma kafin ya ƙare laifukan da ake rataye mutum a kansu sun haura 200. Satar kayan sule biyar a kanti ta isa a kai mutum ga igiya.

Mai zane William Hogarth ya zana wannan duniyar tun 1747, inda ya nuna wani malalacin yaron masaƙa ana kai shi Tyburn, filin rataya na Landan, jama'a sun yi cincirindo ana ta saye da sayarwa. Sai dai shi Hogarth mai laifin yake yi wa gargaɗi, bai ƙalubalanci dokar ba.

Wanda ya taɓa dokar kanta shi ne mai zanen barkwanci George Cruikshank. Daga 1797 Bankin Ingila ya daina musanya takardun kuɗinsa da zinariya, ya baza takardun fam ɗaya masu sauƙin kwaikwayo. Talakawan da aka kama suna kashe takardun jabu, har da mata, aka riƙa rataye su a ƙofar kurkukun Newgate. A 1819 Cruikshank ya zana tasa takardar kuɗin, mawallafi William Hone ya buga ta. Ga yadda take: alamar fam ɗin igiyar rataya ce aka lanƙwasa, ga gawawwaki maza da mata jere suna lilo, kuma a wurin sa hannun ma'ajin banki an rubuta J. Ketch, sunan da Turawan Ingila ke kiran hauni da shi. Ta yi kasuwa sosai.

Daga baya Cruikshank ya yi iƙirarin cewa zanensa ne ya kawo ƙarshen rataya kan jabu. A ganina ya zuzuta. Bankin ya janye takardun fam ɗaya a 1821, amma majalisa ba ta cire hukuncin kisa daga yawancin laifukan jabu ba sai a 1832 da 1837, bayan shekaru ana fafutuka. Abin da zanen ya yi shi ne sa mutumin gari, ko da bai iya karatu ba, ya ga cewa ana kashe rai saboda fam ɗaya.