Baturen da ke bayan fam hamsin

TAMBAYA: Malam, ni ɗan canji ne a titin Allen, Ikeja. Kullum takardar fam hamsin na bi ta hannuna, da hoton wani Bature a bayanta. Wani mai canji a wurina ya ce wai mutumin ya taimaki Ingila a yaƙin Hitila, daga baya suka hukunta shi don yana neman maza. Mun kwana muna gardama a majalisa. Gaskiya ne? Wai har cikin soja akwai irinsa? Daga mai karatu a Agege.

AMSA: Alhaji, mutuminka bai yi ƙarya ba. Sunan Baturen Alan Turing, masanin lissafi ne. Bai sa kaki ba. A Bletchley Park ya yi aiki, inda ake warware saƙonnin sirri da Jamus ke turawa da na'urar Enigma, har da na jiragen ƙarƙashin ruwa masu nutsar da jiragen da ke kai wa Ingila abinci. A 1952 kotu ta kama shi da laifin neman namiji, aka ce ya zaɓa: gidan yari ko allurar kashe sha'awa. Ya zaɓi allura. A 1954 ya mutu, yana da shekara 41. Sai a 2009 Firaminista Gordon Brown ya nemi gafara, Sarauniya ta yi masa afuwa a 2013, hoton da kake gani kuma ya hau kuɗi a 2021.

Sojoji kuwa, akwai su da yawa, kuma labarinsu ya fi ci mini rai, don su babu wanda ya sa a kuɗi. A Amurka lokacin yaƙin duniya na biyu, wanda aka gano akan miƙa masa takardar sallama mai launin shuɗi. Ba ta ce ya yi laifi ba, ba ta kuma ce ya yi aiki da mutunci ba. Amma duk mai ɗaukar aiki ya san ma'anarta da ya ga launin. Tallafin karatu da rancen gida da aka ba tsofaffin sojoji, su an hana su. Masana tarihi sun ƙiyasta kimanin mutum 9,000 aka kora kan wannan zargi. Ka duba, mutum ya kwana cikin ramin yaƙi, ya dawo garinsu da takardar da ba zai iya nuna wa mahaifiyarsa ba. Shi ya sa da yawa daga cikinsu suka ja baki suka yi shiru har kabari.

Bayan nan an yi Leonard Matlovich, sojan sama da ya ji rauni a Biyetnam har ya samu lambobin yabo. Ya faɗi halinsa da bakinsa a 1975, aka sallame shi.

Na san abin da za a ce a majalisarku, na kuma san hukuncin addininmu da dokar ƙasarmu ta 2014 da ta haramta auren jinsi. Ba fatawa ka tambaye ni ba, tarihi ka tambaya. Ni dai abin da ba zan iya haɗiyewa ba shi ne a mori jinin mutum ranar wuya, a jefar da shi ranar daɗi. Mu da kakanninmu suka je Boma da runduna ta 81 da ta 82, aka biya su ƙasa da Turawa, bai kamata wannan ya zame mana baƙon abu ba.

Ingila ba ta ɗage haramcin aikin soja ga irin waɗannan mutane ba sai Janairun 2000, bayan kotun kare haƙƙin ɗan Adam ta Turai ta yanke hukunci a 1999. Amurka sai 2011. A 2021 aka ba waɗanda aka ƙwace wa lambobin yabo a Ingila damar neman a mayar musu, a 2023 kuma Firaministan lokacin, Rishi Sunak, ya tsaya gaban majalisar dokoki ya ba su haƙuri.