Amsa kan mutanen Kuna da ƴan itatuwan da suke sassaƙawa

Salam ƴan uwa. Malam, ka tambaya ko mutum-mutumin itacen nan na mutanen Kuna su ne abin bautarsu, ko kuwa wani irin bori ne. Na yi shekaru ina aiki a tashar jirgin ruwa ta Kolon a Panama, abokan aikina da yawa ƴan tsibiran Guna Yala ne, yankin mutanen Kuna da a da ake ce wa San Blas, har gidajensu na sha kwana, to ga abin da na gani.

Sunan itatuwan nuchu, kuma ba su suke ɗauka mahalicci ba. A wajensu Bab Dummad da Nan Dummad, wato Babban Uba da Babbar Uwa, su suka yi duniya. Nuchu ƴan aike ne kawai. In mutum ya kwanta ciwo sai su ce mugayen iskoki, poni, sun sace masa purba, kusan yadda mu ke cewa an kama kurwa, sai a je wajen nele, mai gani, wanda suka ce da baiwar ake haihuwarsa, shi zai faɗi inda aka kai ta, sannan mai waƙar magani ya jera nuchu ƙarƙashin ragar lilon da majinyaci ke kwance, ya zuba ƙwayar koko a kaskon wuta hayaƙi na tashi, ya yi ta rerawa awanni yana tura su su ƙwato ta. Babu kiɗan garaya, babu hawan iska, zama ne a natse. Ni dai addinina daban, amma wallahi haddar tsofaffin nan ta ban mamaki.

Da yamma kuma ana taruwa a onmaked nega, zauren gari, saila, wato shugaban gari, yana cikin raga yana rera tarihin Ibeorgun da ya koya musu zaman duniya, argar, mai magana da yawunsa, na fassara wa jama'a. Bikin da ya fi girma na ƴa mace ne, inna suid, a yi kwanaki ana busa sarewa ana shan giyar rake, a aske mata gashi a raɗa mata suna. Irin waɗannan al'adun da ƴan sandan gwamnati suka nemi hanawa suna cikin abin da ya jawo tawayen Fabrairun 1925, da su Nele Kantule suka jagoranta.

Af, in wata ya yi zazzaɓi, mu yara ke kaɗa gwangwani, su kuwa zabiya suke turawa waje da kwari da baka ya harbi dodon da ke cinye watan.