Aikin jami'ar walwalar jama'a a gefen gadon mai jinya lokacin annoba

Tambaya: Mahaifiyata ta rasu a asibiti lokacin korona, ciwon daji ne ya ci ƙarfinta. An hana mu shiga ɗakin da take kwance. Wata jami'ar walwalar jama'a ce take kiranmu kullum da yamma. Ita ba likita ba ce, ba ta ba da magani. To mene ne ainihin aikinta a wurin?

Amsa: Allah ya jiƙan mahaifiyarki, ya ba ku haƙurin rashi.

Idan ciwo ya gagari magani, asibiti kan koma ga abin da muke kira kulawar sassauta raɗaɗi, wato rage wa mai jinya da iyalinsa wahala a sauran kwanakinsa. Cicely Saunders, wadda ta buɗe gidan jinya na St Christopher's a Landan a 1967, ta yi aikin jinya, ta yi na walwalar jama'a, daga baya ta zama likita. Ita ta nuna cewa azabar mai jinya tana da rassa: ta jiki, ta zuciya, ta iyali, da ta imani. Allura tana kwantar da ta jiki. Fargabar wanda zai riƙe yara, ko bashi, ko ɗan'uwan da aka daɗe ba a ga maciji da shi, waɗannan namu ne, mu jami'an walwalar jama'a.

Bayan Hukumar Lafiya ta Duniya ta ayyana korona a matsayin annoba ranar 11 ga Maris 2020, asibitoci da dama sun rufe ƙofa ga 'yan dubiya. Daga nan muka zama idon iyali da bakinsu. Mukan sa waya cikin leda, mu kara ta a kunnen mara lafiya, mu ce wa 'ya'yansa su yi magana ko da bai amsa ba, domin sau da yawa ji yakan daɗe bayan baki ya mutu. Na sha rubuta sunana da manyan baƙaƙe a gaban rigar kariya, tunda takunkumi ya rufe fuskata, kuma mutum ba ya sakin jiki da wanda bai gane ba.

Aikin da ya fi nauyi a wurina shi ne tambayar mai jinya tun yana da bakin magana: wa zai yanke shawara a madadinki in kin kasa? Me kike so, me ba ki so? A annoba jiki kan rikice cikin sa'o'i, kuma iyalin da suka san wasiyyar mamacinsu ba sa kwana da zargin kansu kamar waɗanda aka bari da cinke.

Kiran yamma da jami'ar take muku, kafin ta buga sai ta bi likitoci da ma'aikatan jinya ta tattaro labari, ta mai da shi maganar da za ku gane.

Aikinmu kuma ba ya yankewa da rasuwa. Rashin ban kwana yana ƙara wa makoki tsawo, har Hukumar Lafiya ta Duniya ta sanya baƙin cikin da ya ƙi lafawa fiye da wata 6, yana hana mutum harkokinsa, cikin jerin cututtukan da ake dubawa. In har yanzu barci ko aiki yana gagarar ki, ki koma asibitin ki nemi sashen walwalar jama'a, su haɗa ki da mai ba da shawara.